A Ba Masu Zanen Fentin Ruwa Fili

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah ku riƙa ware wa masu zane da fentin ruwa fili, wallahi mutane sun kamu da son abun nan, yawancinsu ba su koya a makaranta ba, an taso daga aiki sai buroshi da kofin ruwa. Ni kaina wata shida kenan. Abun da ya fi burge ni, ashe ƙaro ne ke riƙe kalar, kuma galibi ba a shafa fari, farin takardar ake bari, a fara da kala mai haske kafin mai duhu don kuskure gyaransa da wuya. Takarda kuwa sai mai kauri, siririya tana jiƙewa ta lanƙwashe. Ku buga ayyukansu ko sau ɗaya a wata.

Naku,
Mai karatu