Zuwa ga Uwata, kan maganar digirin digirgir

Assalamu alaikum.

Uwata, takardun da kika turo sun iso wayar ƙaninki, ya buga mini su a shagon bakin kasuwa, na zauna bayan la'asar na bi su layi-layi. Muna lafiya a Gusau. Mahaifiyarki tana gaishe ki.

Bari in fara da wadda ta fi ɗaga miki hankali. Jami'ar nan ta Ingila ta ba ki gurbi, amma na duba gaba da baya ban ga inda ta ce za ta biya ko sisi ba. Kuɗin makaranta naki ne, haya taki ce, ci da sha naki ne, har shekara uku ko huɗu. Wannan dillalin da ke ce miki ki fara biyan kafin alƙalami, sauran ya zo daga baya, ki rabu da shi. Na ga ɗan wani abokina da aka yi wa haka, aka sayar da shanu, ya tafi, ya ƙare yana aikin dare a ɗakin ajiyar kaya, karatun ya tsaya a shekara ta biyu. Gonarmu ta Anka ba za a sayar ba, kuma ko an sayar ba za ta kai ki ƙarshen shekarar farko ba. Ba rowa nake miki ba. A fanninki na kemistirin kwamfuta, a ƙasashe da yawa ɗalibin digirgir ma'aikaci ne, shi ake biya.

A Holan da Suwidin da Denmak, da wurare da yawa a Jamus, ɗaukar ɗalibin digirgir ake yi aiki da takardar kwantiragi da albashin wata. A Amurka sassan kemistiri sukan yafe kuɗin makaranta su ba da alawus, ke kuma ki taimaka da koyarwa ko bincike, sai dai shekarun sukan kai biyar. Tarayyar Turai tana da shirin da ke ɗauke da sunan Marie Curie, sharaɗinsa kada mutum ya zauna fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce a ƙasar da zai je, ke kuwa ba ki taɓa wuce Sakkwato da Zariya da sunan karatu ba, to wannan bai hana ki ba. Akwai DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, akwai tallafin Commonwealth, akwai cibiyar EMBL a Heidelberg ga masu haɗa bayoloji da kwamfuta. Akwai kuma jami'ar KAUST ta Saudiyya a Thuwal, arewa da Jidda, wadda ke biyan kuɗin makaranta da masauki da alawus. Ba zan ɓoye miki ba, ita mahaifiyarki ta fi so, saboda Makka ba nisa. Ni dai ban ce ki zaɓi wuri don Umara ba. TETFund, hukumarmu ta tallafa wa manyan makarantu, kuwa ta malaman manyan makarantun gwamnati ce, tunda ba ki da aiki tukuna, kada ki ɓata lokaci a can.

Duk takardar da ta zo, ki tambaya a rubuce: shekara nawa kuɗin zai ɗauka, akwai inshorar lafiya, wa zai biya biza da jirgi. In amsar ta zo da kwana-kwana, ki wuce.

Baffanki ya tambaye ni wane irin kemistiri ne ba kwalba ba wuta. Na ce masa shekara talatin ina koyar da kemistiri da alli, sau da yawa ɗakin gwajinmu ba ko ruwa, ina zana ƙwayoyin zarra a allo kamar ƙwallaye a kan tsinke. Abin da nake zanawa a tsaye, ku kuna sa kwamfuta ta motsa shi, ta lissafa yadda ƙwayar magani ke shiga aljihun furotin ta zauna ko ta zame. Tun 1998 aka ba Walter Kohn da John Pople kyautar Nobel kan irin wannan lissafi, a 2013 aka ba Karplus da Levitt da Warshel, a 2024 kuma David Baker da Demis Hassabis da John Jumper. AlphaFold ɗin da kike yawan ambata, shirin kwamfutar da su Hassabis da Jumper suka ƙera, ya hasko siffar furotin sama da miliyan 200, an zuba su kyauta a intanet. Abin da ya sa nake murna ke nan: yarinya daga Zamfara da kwamfutar cinya da caji a batir tana iya taɓa abin da farfesan Jamus ke taɓawa. Babban injin lissafi ne kawai ba mu da shi, shi za ki je nema.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki biro ban kira ki a waya ba.

Kina ƙarama a 2010 lokacin da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Na je gaisuwa wajen danginmu, na ga yaro ɗan shekara biyu yana jijjiga a cinyar uwarsa, idanunsa sun kafe, ita tana tofa masa addu'a tana cewa iska ce. Ni malamin kemistiri ina tsaye, na san dalma ce, na san tana korar tutiya daga mazauninta a cikin inzayim ɗin da ke haɗa jini, amma hannuna ba komai. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo da maganin DMSA, ƙaramar ƙwaya mai hannuwa biyu na farar wuta, ta cafke dalmar a fitar da ita ta fitsari. Ta ceci dubbai. Amma dalmar da ta shige ƙashi takan daɗe shekaru, ƙwaƙwalwar da ta taɓu kuma ba ta komawa yadda take.

Yadda ƙarfe ke manne wa furotin, da yadda za a ƙera abin da zai kama dalma ya bar tutiyar da jiki ke buƙata, ai tambayar fanninki ce sak. Ban ce dole ki yi aiki a kan dalma ba. Sikila tana nan, wadda canjin amino asid ɗaya tak a wuri na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar shaƙa a jini, ke jawowa, zazzaɓin cizon sauro yana nan. Amma idan za ki rubuta wa farfesa, ki tafi da tambayar da kika gani da idonki. Wasiƙu ɗari yake samu masu cewa suna son kimiyya tun suna yara. Ki karanta takardunsa biyu ko uku sosai, ki faɗa masa abin da kika yi da manhajojin AutoDock Vina da GROMACS a digirinki na biyu, ki faɗi iyakar saninki na harshen kwamfuta na Python ba ƙari. Kada ki tura wasiƙa guda ga mutum hamsin.

Ki binciki malamin kamar yadda ake binciken gidan miji. Ki nemi ɗalibansa da suka gama, ki ji shekara nawa suka yi, yana karanta aikinsu ko sai an yi wata uku ana bin sa. Sunan jami'a ba zai zauna da ke a ofis ba, shi zai zauna.

Bayan digirgir akwai aikin bincike na shekara biyu ko uku da kuke ce wa fosdok, shi ma da albashi, irin tallafin Georg Forster na gidauniyar Humboldt da aka ware wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Lokacinsa bai yi ba, na faɗa ne don ki san hanyar ba ta ƙare a shekara huɗu ba. Ina so ki dawo, jami'ar tarayya da ke nan Gusau tana buƙatar irinki, amma ba zan ɗaure ki da alkawari tun yanzu ba.

Maganar aure da gwaggonninki ke ta yi, ki bar mini su. Wanda ya zo da gaske zai zauna mu yi magana har da karatun a ciki.

Ki je Sakkwato cikin makon nan ki nemi takardar sakamakonki, kin san ba ta fitowa da wuri, ki kuma gaishe da malaman da za su rubuta miki shaida tun kafin ki buƙace su. Fasfonki ki duba ranar ƙarewarsa. Na ba direban da ya saba kawo miki saƙo kuɗin mota da yajin da mahaifiyarki ta daka, zai kira ki ranar Laraba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki