A ba mu fili mu da muke fita motsa jiki da masu kiɗan nishaɗi

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina bin shafinku na wasanni kuma gaskiya kuna ƙoƙari, amma akwai abinda ya daɗe yana cina a rai wanda yau nace bari dai in rubuto. Shafin nan tun daga sama har ƙasa labarin waɗanda muke kallo ne, wane ya ci wane, wane kulob ya sayi wane, koci kaza an sallameshi, amma babu ko layi ɗaya akan wasan da mu masu karatu zamu tashi mu fita muyi da ƙafafunmu. Shafin nishaɗi ma haka yake, wane mawaƙi ya saki sabuwa, wane yayi faɗa da wane, ba'a taɓa cewa ga yadda mutum zai koyi kaɗa wani abu da hannunsa ba. Mun zama 'yan kallo ta ko'ina, kuma abin yana damuna sosai.

Ni aikin zama nakeyi, daga kujera sai kwamfuta tun safe har yamma, shekara huɗu da suka wuce bayana ya fara ciwo, bacci ya ƙi, benen hawa biyu idan na hau sai na tsaya ina haki. A haka na fara fita da sassafe, da farko tafiya kawai, daga baya na fara sassarfa, yanzu ina gudu sau uku a sati sannan ƙarshen mako in ɗau keke inyi nisa, wani lokacin kuma mu haɗu da abokai mu hau dutse. Wallahi Malam Edita akwai wani daɗi da bazan iya kwatanta maka shi a takarda ba, lokacin da gari bai gama wayewa ba iska tana dukan fuskarka babu abinda kake ji sai numfashinka da ƙarar takalminka a ƙasa, duk tunanin da ya hanaka bacci jiya sai kaga ya warware da kansa tun kafin ka juyo gida. Na gwada injin gudu na cikin ɗaki, jiki yana samun nashi amma zuciya bata samun komai, bango kawai kake kallo.

Ba zan ɓoye ba nayi kuskure a farko, zumuɗi yasa na dinga ƙara nisa kullum babu hutu har gwiwata ta kumbura na zauna kusan wata guda, kuma da ace na taɓa karanta ko sakin layi ɗaya da yace a fara a hankali a dinga barin kwana ɗaya tsakani da hakan bata faru dani ba. Irin wannan bayanin nake so jarida ta dinga kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma awa ɗaya kullum, sannan alƙalumanta na 2022 sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya basa kaiwa wannan mizanin. Minti 150 ɗin nan idan ka raba ai rabin awa ne sau biyar, bai ma kai tsawon wasan ƙwallo biyu da muke zama mu kalla ba.

Wasu suna cemin ai abin na masu hali ne, sai da takalmi mai tsada da agogo mai ƙirga taku. Ni kuwa sai in tuna musu Abebe Bikila ɗan Habasha wanda a gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum ya gudu kilomita 42 da ɗoriya babu takalmi a ƙafarsa kuma ya ɗau zinare, ya sake ɗauka a Tokyo a 1964. Bance kowa ya cire takalmi ba, takalmi mai laushi yana kare ƙafa, amma rashin kaya bai isa ya zaunar da mutum ba. Wasu kuma cewa suke ba girmanka bane, ko su tsaya a bakin hanya suna tambaya wa ya biyoka, wannan maganar ta hana mutane da yawa fita musamman mata da dattawa, su da suka fi kowa buƙata.

Sai maganar kiɗa. Na fara koyon jita ne a wancan watan da gwiwa ta zaunar dani, tsirkiya shida ce kawai amma sati biyun farko kan yatsuna kamar ana soka min allura, sai da suka yi kanta sannan na fara jin daɗin abin. Abinda ya bani mamaki shine gudu ne ya taimaka min wajen riƙe bugu, don mai gudu dole ya daidaita takunsa da numfashinsa, idan ya ɗebo da sauri tun farko zai sare a hanya, shima mai kiɗa idan yayi gaggawa waƙar ta watse masa, haƙuri iri ɗaya suke nema. Yanzu idan na dawo aiki da yamma nakan zauna minti ashirin ko talatin ina kaɗawa ni kaɗai, ba don in fita duniya ta sanni ba, wani lokacin yarana su zo su zauna suna tafi, kuma wannan zaman yafi min duk awannin da nake ɓatawa a waya da can. Sauraro daban, kaɗawa da hannunka daban, ranar da ka fara haɗa sauti uku suka bada ma'ana zaka gane me nake nufi.

Akwai gargaɗi ɗaya da zan so ku isar, don ina ganin matasa suna gudu a gefen titi kunne biyu a toshe da iyafis an ƙure murya. Eh kiɗa yana rage jin gajiya, nima ina sawa idan ina cikin fili inda babu mota, amma akan titi baka jin hon baka jin mashin a bayanka, na taɓa ganin saura ƙiris a kwashe wani yaro a gabana saboda haka. Ga kuma kunnen kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar baya dawowa. Ni dai a titi kunne ɗaya nake sawa ko in cire gaba ɗaya, akan keke kuma sam bana sawa.

Roƙona dan Allah ku ware mana ko rabin shafi ne sau ɗaya a sati, ku tambayi likita yadda mai hawan jini ko ciwon suga zai fara, ku tambayi masu keke yadda ake saita sirdi don kar gwiwa ta lalace, ku nemo mai koyar da kiɗa yayi bayanin yadda ake saita tsirkiya, sannan ku bar masu karatu su dinga aiko da nasu labarin. Idan kun buɗe filin ni zan fara aikowa insha Allah.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai karatu a kullum.