Wasiƙa daga Sheffield zuwa ga aminina

Assalamu alaikum wa rahmatullah, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da fatan kuma jikin Hajiya ya yi sauƙi. Na san ka yi fushi da shiruna na wata uku, kuma kana da gaskiya, sai dai aikin dare a asibiti ya sa ko wayar gida da kyar nake amsawa. Abin da ya sa na zauna na rubuta maka yau shi ne wata tafiya da muka yi a ƙarshen makon jiya, domin tun da na dawo babu wanda nake son ba wa labarinta kamar kai.

Ni da wani abokin aikina muka fita da motarsa ranar Asabar da safe zuwa yankin tsaunukan da ake kira Peak District, wanda ke tsakanin Sheffield da Manchester. Shi ne yanki na farko da Birtaniya ta keɓe a matsayin gandun ƙasa, wato yankin da hukuma ke karewa don jama'a su riƙa zuwa shaƙatawa, a shekarar 1951, kuma daga gidana ba ya kai tafiyar awa ɗaya. Mun ajiye mota a ƙauyen Castleton, muka hau wani tsauni mai suna Mam Tor, wanda tsayinsa ya kai mita 517. Kai da ka taɓa cewa hawan Dala ya ishe ka har shekara, da ka zo da sai mun riƙa jiran ka a kowace kwana. Iska a saman tana da ƙarfin da sai da muka nemi gindin wata katanga kafin muka iya yin sallar azahar. A ƙasan tsaunin akwai tsohuwar hanyar mota da zaftarewar ƙasa ta yi ta karyawa har hukuma ta haƙura ta rufe ta a 1979, kwaltar tana nan a tsattsage mutane na bi da ƙafa suna kallo.

Abin da ya fi jan hankalina a ranar shi ne hanyoyin ƙafa da suka ratsa ta cikin gonaki da makiyayun tumaki. Gonar mutum ce, an kewaye ta da katangar duwatsun da aka jera ba siminti ba laka, amma doka ta ba kowa damar wucewa ta wata siririyar hanya, har an yi wa katangar ƙofa ko matakala, sharaɗin kawai ka rufe ƙofar bayan ka wuce. Nan take na tuna da burtalin bayan garinmu da gonaki suka cinye. Su ma nan sai da aka sha rigima, domin a 1932 ɗaruruwan matasa sun kutsa tsaunin Kinder Scout da gangan don nuna ƙin amincewa da yadda masu ƙasa suka hana talaka hawa, har aka ɗaure wasu daga cikinsu.

Amma dalilin wannan wasiƙa shi ne abin da na gani ranar Lahadi a wani ƙaramin ƙauye da ake rubuta sunansa Eyam, ana kuma furta shi kamar “Iim”. A watan Satumba na 1665, lokacin da annoba ke cin mutane a Landan, aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga can, ashe akwai ƙuma masu ɗauke da cutar a ciki. Mataimakin telan, George Viccars, shi ya buɗe ƙunshin, shi ne kuma ya fara mutuwa. Da cutar ta tsananta a shekarar da ta biyo baya, limamin cocin ƙauyen, William Mompesson, tare da wanda ya riƙe muƙamin kafinsa, Thomas Stanley, suka shawo kan mutane a kan kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo, don kada annobar ta yaɗu zuwa garuruwan maƙwabta. Sun daina taruwa a cikin coci, suka koma yin ibada a fili, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa, kuma kowane gida shi ke binne mamacinsa.

Mun taka har bakin iyakar ƙauyen, inda wani dutse yake mai ramuka a samansa. A cikin ramukan nan suke zuba ruwan khal su saka kuɗi, bisa imanin cewa tsaminsa yana kashe cutar, mutanen waje kuma su ajiye abinci su ɗauki kuɗin ba tare da an haɗu ba. Kafin annobar ta lafa a ƙarshen 1666, mutum kusan 260 ne suka mutu, har da matar Mompesson. A gaban wasu tsofaffin gidajen, waɗanda har yanzu mutane ke zaune a cikinsu, an kafa alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne wasu kaburbura a tsakiyar wata makiyaya a wajen gari, inda wata mata mai suna Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Na daɗe a tsaye a wurin ban ce komai ba, duk da cewa aikina ya saba mini da ganin mutuwa.

Ka tuna gardamar da kuka yi da Malam a ƙofar gida lokacin kullen korona, ranar da ka ja masa hadisin da ke cewa idan kun ji annoba ta ɓulla a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓulla a inda kuke kada ku fita? Ka kuma kawo masa yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. A lokacin na goyi bayanka ne da ilimin aji kawai. A Eyam na ga yadda aiki da wannan hukunci yake da nauyi ga wanda yake ciki, domin wanda ya zauna ya san wataƙila kabarinsa yake jira. Na kuma lura da wani abu da ya shafi aikinka kai tsaye: kullen nasu ya yiwu ne saboda akwai masu kawo musu abinci, ciki har da basaraken yankin da ke zaune a Chatsworth. Da yunwa ta kama su, da wa'azin limami bai tsare su ba, kuma wannan ne ainihin abin da ka riƙa faɗa a taronku na ma'aikatan lafiya ba a saurare ka ba. Ya kamata in ƙara da cewa wasu masu hali sun fice kafin a rufe ƙauyen, shi kansa Mompesson ya fitar da 'ya'yansa tun da wuri.

Na sayi wani ɗan littafi a gidan tarihin ƙauyen, zan ba Yaya ya taho maka da shi idan zai dawo bayan sallah, tare da hotunan dutsen da na kaburburan. Ina so ka karanta ka faɗa mini ko zai yi amfani a darasin da kake ba ɗalibanka kan amai da gudawa. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce mata ina yi mata addu'a, ka kuma gaishe da Malam, ka karanta masa sashen Eyam idan ka ga zai saurara.

Naka har kullum,
Amininka na Sheffield