Sanarwa ga ƴan rukuni: shukar buhu kafin ruwa ya yi ƙarfi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ruwa ya fara sauka a Legas, don haka mai niyyar shuka a cikin buhu a gida ya fara yanzu, kada ya bari sai watan Yuni lokacin da ruwan ke kwanciya a tsakar gida.

Mun san gidajen haya a Agege da Idi-Araba duk siminti ne. Buhu ya wadatar. A huda gindinsa wuri biyar ko shida, a ɗora kan bulo, a cika da ƙasa da busasshen kashin kaji. Busasshe na ce, domin ɗanye yana ƙona saiwa, bara haka na yi asarar tattasaina gaba ɗaya. Alayyahu sati huɗu an fara yanka, kuɓewa kuma sai ta kusa wata biyu. Yakuwa da rama ba su da rigima. Dodon koɗi ne matsalar garin nan, da dare yake fitowa, a haska fitila a tsince shi.

Masu kyanwa, ita tana ganin buhun nan banɗakinta ne. A jera tsakuwa a saman ƙasar, za ta haƙura. Don Allah kada a zuba maganin ɓera kusa da shuka, kuma kada a ba ta ragowar miya mai albasa ko tafarnuwa, suna lalata mata jini.

Ina da irin zogale da kuɓewa da na taho da su daga gida. Mai so ya yi magana, za mu haɗu bayan sallar Juma'a.