Godiya ga Cibiyar da Ta Hana Ni Sake Rubuta GMAT

Zuwa ga shugaba da malaman cibiyar horar da masu rubuta jarrabawar GMAT da na halarta a Abuja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne don masu neman karatun MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci) a ƙasashen waje su san irin amanar da na tarar a wurinku.

Na samu maki 645 a GMAT, jarrabawar da makarantu ke dubawa wajen ɗaukar ɗaliban MBA, kuma raina ya ɓaci, domin yayana da ya yi karatu a Ingila ya sha gaya mini cewa manyan makarantu ba sa duban mutum sai ya kai 700. Na zo muku da niyyar biyan kuɗin wani zangon darasi in sake zama. Malam, maimakon ku karɓi kuɗin, sai kuka zaunar da ni kuka warware mini lissafin. Yayana ya rubuta tsohon tsari ne, wanda GMAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ta daina a farkon 2024. Sabon tsarin yana tafiya daga 205 zuwa 805, kuma a teburin kwatance na hukumar kanta, 645 na yanzu yana daidai da kusan 700 na da.

Ba ku tsaya nan ba. Kun buɗe rahoton sakamakona, muka bi sassan uku ɗaya bayan ɗaya: lissafi, da fahimtar rubutu, da nazarin bayanai, kowanne minti 45. Babu inda na gaza sosai har makaranta ta yi shakka a kaina. Kun ce dokar ta yarda in sake bayan kwana 16, har sau biyar a wata goma sha biyu, amma yardar doka ba ita ce dalili ba. Abin tambaya shi ne ko gwaje-gwajen da nake yi a gida suna ba ni maki sama da wanda na samu a zaure. Ba sa ba ni. To me zai canza cikin makonni uku, ban da kuɗin rajista da ake biya da dala, a wannan tsadar canji?

Shawararku ita ce in mayar da lokacin kan rubutun bayanin kaina da takardun shaida daga shugabannina na aiki, tunda ranar rufe karɓar takardu ta matso, kuma makin yana aiki har shekara biyar. Haka na yi.

Abin da ya ƙara mini yarda da ku shi ne wata 'yar ajinmu da kuka ba akasin wannan shawara. Ita sashen nazarin bayanai ne ya ja ta ƙasa, lokaci ya ƙure mata ta bar tambayoyi, alhali a gida tana cin fiye da haka. Kun ce ta sake, kuka kuma tuna mata cewa ita ke zaɓar sakamakon da za ta tura wa makaranta, don haka babu abin tsoro.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku, ya ƙara muku ɗalibai.

Naku,
Ɗalibinku daga Kaduna