Tikitin Waƙa Muka Saya, Aka Kunna Mana Filash

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, na rubuto ne a kan abin da mai gabatar da shirinku na rediyo na daren Asabar ya yi wa yaron nan da ya bugo waya daga Gusau, domin har yau abin bai bar raina ba. Yaro ya yi magana cikin ladabi, ya ce shi kam bana ba zai sayi tikitin wasan Sallah ba saboda bara mamin aka yi musu, wato aka kunna faifai mawaƙi yana motsa baki kawai, sai mai gabatarwa ya kwashe da dariya, ya ce masa ai zamani ne ya zo da haka, wanda ba ya so kuwa sai ya koma sauraron kalangu, sannan ya katse shi ya karɓi na gaba. Sauran lokacin shirin duk ya tafi ne a kan tambayar masu bugowa wane anko za su yi, su nawa za su tafi, da kuma wane mawaƙi ne ya fi cika fili. Na yi ta neman layinku har aka rufe shirin ban samu shiga ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranka ya daɗe, abin da ya samu yaron nan ni ma ya same ni, kuma ni ba yaro ba ne. Malamin makaranta ne ni a nan Zariya, shekaruna hamsin da 'yan kai, ba na cikin masu yawon wuraren wasa. Amma da Babbar Sallar bara ɗana na fari da 'ya'yan ƙanena biyu suka dame ni da roƙo cewa in raka su Kano kallon wani mawaƙi da suke ƙauna, don iyayensu mata sun ce babu mai zuwa sai da babba. Wata biyu suka yi suna wannan shiri. Sun haddace waƙoƙinsa baiti da baiti, suna gardama da abokansu a WhatsApp a kan wadda zai fara da ita, ɗaya daga cikinsu kuma, wanda yake koyon ɗinki, da ɗan abin da maigidansa ya ba shi bayan kwanakin da suka yi ba barci suna ɗinkin Sallah ya biya nasa tikitin. Naira 5,000 kowane mutum ɗaya, mu huɗu naira 20,000 ke nan, ban da kuɗin mota, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A jikin takardar tallar an rubuta da manyan haruffa cewa mawaƙin zai yi waƙa kai tsaye, kuma za a fara da ƙarfe huɗu na yamma. Da hantsi muka bar gida, muka bi ta Tashar Yari da Kwanar Ɗangora da Kura, muka sauka a Unguwa Uku tun kafin azahar don kada mu makara.

La'asar ta same mu a bakin ƙofa cikin layi, magariba ta same mu a ciki muna kallon dandamali babu kowa, isha'i kuma ta wuce ana ta fito mana da ƙananan mawaƙa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya miƙa filash ɗinsa ga mai sa kiɗa, ya yi tsalle-tsalle na minti biyar ya sauka. Ban ga laifinsu sosai ba, masu neman suna ne. Shi wanda muka zo dominsa sai ƙarfe goma sha ɗaya da kwata ya iso, ƙarti suna ture mutane a gabansa.

To, a nan ne maganar take. Aka kunna kiɗa, fili ya ɗauki ihu, mawaƙi ya kafa makirufo a baki, murya ta fito tas, babu numfashi, babu gargada, kamar yadda take a waya. Da farko na ce a raina lalle yaron nan Allah ya ba shi murya. Ana cikin haka sai aka zo baitin mace, domin waƙar ta mutum biyu ce, sai ga muryar mace tana tashi daga lasifika alhali babu mace ko ɗaya a kan dandamalin, shi kuwa gogan ya juya baya yana gyara hula. Da wani attajiri ya taso daga teburan gaba zai yi liƙi, mawaƙi ya sauke makirufo har ƙasan cinyarsa, ya rusuna yana gaishe shi, suna ta magana suna dariya, amma muryarsa ba ta fasa rera waƙa a kunnenmu ba. Babu makaɗi, babu ɗan amshi, akwai dai wata fiyano da aka jingine a gefe wadda har muka tashi ban ga hannun da ya taɓa ta ba.

Allah kuma ya tashi tona asiri. Ana tsakiyar waƙa ta uku janareto ya yi tari ya mutu, kiɗa da murya suka ɗauke tare kamar an yanke su da wuƙa, mu da muke kusa muka ga bakin mawaƙi yana ci gaba da motsi babu abin da yake fita. Wasu samari a bayanmu suka fara kiran ya yi da bakinsa, ya yi ko baiti ɗaya ne, za su amsa masa. Dubban mutane ne a wurin da suka haddace waƙar, da ya ɗaga murya ya ja layin farko da filin nan gaba ɗaya ya zama 'yan amshinsa, kuma da wannan daren ya zama abin da yaran za su riƙa ba 'ya'yansu labari. Sai ya ɗaga hannu yana murmushi, ya koma bayan labule ya zauna har aka gyara injin. Da wuta ta dawo, waƙar daga farko aka sake kunno ta, da gaisuwar da yake yi wa mai sitidiyo a bakinta da komai.

Abin da ya rage na lokacinsa kuwa na masu tebur ne. Sanƙira yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, ana yi musu kirari, suna watsa kuɗi ana takawa, duk da cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta wulaƙanta naira ta wannan hanya, har da tanadin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000. Wannan dai ba shi ne ya kawo ni ba. Na duba agogo lokacin da ya hau da lokacin da ya sauka: minti talatin da biyar, waƙa huɗu, babu wadda aka kai ƙarshenta. Muka fito wajen sha biyun dare, ga dokar da aka kafa a Kano a 2022 ta hana a daidaita sahu zirga-zirga daga goma na dare ta sa samun abin hawa a wannan lokaci ya zama aiki, muka taka mai nisa da ƙafa, muka kwana a kan benci a tasha har asuba. Ban damu da sauron da ya cije ni ba kamar yadda na damu da maganar da ɗan ƙanen nan nawa mai ɗinki ya yi mini a mota muna dawowa, bayan ya daɗe bai ce uffan ba. Ya ce, "Baffa, ashe wadda ke cikin wayata ce muka biya muka ji." Ban sami abin da zan ce masa ba.

Yanzu bari in koma kan kalangun da mai gabatarwarku ya mayar abin ba'a. Ni na ga Alhaji Mamman Shata da idona a shekarun 1980, a wajen wani biki, ina saurayi. Makaɗansa suna tsaye da kalangai a hammata, 'yan amshi a bayansa, shi kuma yana kallon taro yana ƙera waƙa nan take, duk wanda ya shigo fili sai ya ji kansa a cikin baiti kafin ya sami wurin zama. Idan ya ɗaga hannu kiɗa ya sauka, idan ya gyaɗa kai ya tashi, kuma abin da ka ji a wannan dare ba za ka sake jin irinsa daidai a wani wuri ba, ko da waƙar ɗaya ce. Wannan mutumin ne Jami'ar Ahmadu Bello ta nan garinmu ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, har gobe kuma ana nazarin waƙoƙinsa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayuwa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya riƙe taro. Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ƙwarya da ruwa da muryoyin mata 'yan amshinta ne jarinta. Wanne daga cikinsu ne mutuwar janareto za ta rufe wa baki? Idan wannan ne ake aika mutum ya koma gare shi don a muzanta shi, to ni ina roƙo a aika ni.

Kada a fahimce ni a kan cewa ina yaƙi da kiɗan zamani ne. A gidana ana jin sa, ni ma akwai waɗanda nake so. Fiyano ai da hannu ake buga ta, ana iya buga ta a gaban jama'a kamar yadda ake buga ta a sitidiyo. Masu jita na Agadas da ƙungiyoyin kiɗa na Yamai da kayan zamani suke wasa, amma a gabanka suke kaɗawa suna zufa. Mawaƙan fuji da juju na ƙasar Yarabawa ba sa zuwa biki sai da makaɗansu, su kwana suna yi. A nan gida ma, ka je gidan dambe ka ga makaɗi yana zuga ɗan dambe da muryarsa tun la'asar har faɗuwar rana, ko ka tsaya wajen masu bandiri da masu bege lokacin Mauludi. Saboda haka zamani bai zo da mamin ba, son sauƙi ne ya zo da shi. Na san dalilan, domin ina da tsofaffin ɗalibai a harkar. A sitidiyo layi layi ake ɗaukar waƙa, inda murya ta karkace kwamfuta ta miƙar da ita, har ta kai wani mawaƙin ba zai iya maimaita abin da aka fitar da sunansa ba. Ɗaukar makaɗa kuma yana bukatar a biya su, a yi kwanaki ana gwaji, a nemi na'urar sauti mai kyau da wanda ya san aikinta, alhali da filash ɗaya a aljihu mutum zai iya zagaya wurare uku a dare guda ya karɓi kuɗi uku. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, na gane shi, amma ɗan kasuwa na gari yakan faɗi abin da ke cikin buhunsa.

Abin da nake kuka da shi ke nan, ranka ya daɗe. Da a takardar tallar an rubuta cewa mawaƙi zai zo a gan shi, a ɗauki hoto, a yi rawa da waƙoƙinsa na faifai, da wanda ya ga dama ya biya, ni kuwa da na zauna a gida na ci naman layyata. Amma a rubuta kai tsaye sannan a kunna faifai, wannan a kasuwar Sabon Gari sunansa algus, daidai yake da a sa tsakuwa a ƙasan mudu a rufe da shinkafa. Ku kuma a tasharku ake karanta waɗannan tallace-tallace, da muryar ma'aikatanku ake cewa kai tsaye, saboda haka ba za ku ce babu ruwanku ba. Tun da Sallah ta matso kuma mawaƙan suna zuwa shirin nan suna tallar wasanninsu, ina roƙon a riƙa yi wa kowannensu tambaya biyu a gaban masu sauraro: da makaɗa za ka zo ko da filash, kuma ƙarfe nawa za ka hau dandamali? Wanda ya ce da bakinsa zai yi, a ba shi makirufo nan take ya ja baiti biyu babu kiɗa, mu ji. Shi kuma mai gabatarwa, ya kamata ya nemi afuwar yaron nan na Gusau a cikin shirin, a daidai inda ya yi masa dariya, domin shi kaɗai ne a daren nan ya faɗi abin da zai amfani mai shirin kashe kuɗinsa.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, akwai kuma maganar tallar masu maganin gargajiya da kuke sakawa dab da labaran ƙarfe takwas na dare. Lokacin nan muna zaune da iyali ana cin tuwo, sai mutum ya shiga zayyana cututtukan ma'aurata da kalmomin da ko a majalisar samari ana sassauta murya kafin a faɗe su. Sau biyu a makon jiya ina tashi da sauri in rage rediyo a gaban surukata. Idan ba za a daina ba, a mayar da ita bayan sha ɗayan dare.

Wassalam.

Naku, mai sauraro na kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.