Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi Masu Binciken Yadda Jama'a Ke Amfani da Manhajoji

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi. Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da ayyukan da ƙungiya ta gudanar a shekarar da ta gabata.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne wajen horar da sababbin shiga, domin mun lura da cewa da yawa daga cikinsu sun iya Figma, wato manhajar zana fuskar manhajoji, sun iya tsara takardar tambayoyi, amma ba su taɓa zama kusa da mutum suna kallon yadda yake fama da wayarsa ba. Mun tura su rukuni-rukuni zuwa Kantin Kwari da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda suka zauna da 'yan kasuwa da masu POS, mutum biyar a kowane zagaye, bisa shawarar da masanin sauƙin amfani da manhajoji Jakob Nielsen ya yaɗa a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da galibin matsalolin manhaja.

Abin da ya fi yi wa matasanmu wuya shi ne yin shiru. Idan dattijo ya tsaya yana laluben wurin tura kuɗi, tarbiyya kan sa yaro ya miƙa hannu ya ce, "Baba, ga shi nan," alhali wannan laluben shi ne ainihin abin da aka je gani. Haka nan kunya kan sa mutum ya ce manhajar tana da kyau, bayan an gan shi ya rufe ta ya koma danna lambobin USSD, ko ya miƙa wa yaron shagonsa wayar da zarar saƙon Turanci ya fito. Saboda haka muka yanke cewa ma'aunin tambayoyi goma na gwada sauƙin amfani da manhaja, wanda John Brooke ya ƙirƙiro a 1986, ba zai tsaya shi kaɗai a rahoton wani memba ba, sai an haɗa shi da abin da hannun mutumin ya aikata.

Membobinmu mata sun shiga gidaje sun tattauna da matan aure masu sana'a ta WhatsApp, waɗanda bincikenmu bai taɓa kaiwa gare su ba, kuma kwamiti na yi musu godiya ta musamman.

Game da neman izini, mun rubuta takardar amincewa da Hausa daidai da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, ana karanta wa mutum ita da baki kafin a kunna na'urar ɗaukar murya, kuma an hana ɗaukar hoton fuskar waya muddin tana nuna ragowar kuɗi ko lambar BVN ko NIN.

Akwai koken da ya daɗe yana damun kwamiti. Wasu kamfanoni kan ɗauki ƙaramin mai bincike su mayar da shi tafinta kawai, ya yi hira ya rubuta, amma ba a kiransa zaman da za a yanke shawara kan abin da ya gano. Wannan asara ce ga kamfanin kafin ta zama asara ga ma'aikacin. A shekara mai zuwa za mu haɗa kowane sabon shiga da wanda ya riga shi a aikin, ya koya masa gabatar da sakamako a gaban masu zane da injiniyoyi. Manyan membobin da za su ɗauki wannan nauyi su ba sakatare sunayensu kafin babban taro.